Takardar Cakulan a Rufin Tarago

Tannweiler, 14 ga Disamba, 1992

Wendelin,

Wari ne ya fara gaya mini. Ina tsaye bayan teburin kek a zauren ƙungiya, ina yanka wa wata mata kek ɗin tuffa, sai na ji irin warin nan na bokitin roba da aka manta kusa da murhu. Na ɗaga kai na hango ɗan jirgin ƙasan wasa na yayanka Eckhard a tsaye a tasha, gindin dutsen kwali, inda na gan shi tun safe, fitilunsa suna ci kamar ana biki a ciki. Rufin taragon cin abinci ya lotsa a tsakiya kamar bayan tsohon jaki. Nan take na gane abin da ya faru. Ban yi ihu ba. Na ajiye wuƙa, na goge hannuna, na taka na je na tsaya ina kallo.

Ka yi haƙuri, na shiga zance ban gaishe ka ba. Ina fatan kana lafiya, teku kuma ba ta wahalar da ƙafar nan taka. Ni da sauƙi, sai tarin sanyi. Katinka na ta'aziyya ya zo bayan mun binne Eckhard da mako uku, na san ba laifinka ba ne. Na jingina shi kusa da hotonsa.

Kai ka san jirgin nan, tun kuna yara ku biyu kuke wannan hauka a rumbun kakanku. Taragai shida, shekara ashirin yana gina su a ɗakin ƙasa. Ka san fasinjojin ciki, waɗanda ba su kai ƙwayar wake ba, da ya riƙa fentinsu da burushi mai gashi uku. Ba mutanen banza ba ne. A taragon cin abinci akwai ni da rigar aurena, akwai uwarku da hularta mai gashin tsuntsu, akwai 'yarmu Annegret da kwat ɗinta ruwan ɗorawa, wanda ta sa ranar da mota ta buge ta. Duk shekarun nan, in kewarta ta ishe ni, sai in sauka ƙasa in ce ya kunna mini. Sai ta wuce ta gabana a cikin haske, tana kallon taga.

Stoll mai sayar da taya, wanda yanzu shi ne shugaban ƙungiyarsu ta masu jiragen wasa, ya zo gidana da hula a hannu. Wai suna so a nunin Kirsimeti na bana jirgin marigayi ya yi zagaye don tunawa da shi. Na yarda, amma na faɗa masa abin da Eckhard ya gaya mini a asibiti, kalma da kalma: kada a ɗora jirginsa a kan sabon layin nan da suka kafa, bai gama da shi ba. Ban san abin da yake nufi ba, na dai isar da saƙo. Stoll ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ke dai ki toya mana kek, harkar wuta tamu ce."

A kan sabon layin ya ɗora shi. Ya zagaya da shi sau biyu da safe, aka tafa, sannan ya tsayar da shi a tasha ya tafi nuna wa mutane nasa jirgin shuɗi. Haka ya wuni a tsaye.

Biyar sun narke, Wendelin. Da na buɗe rufin na cin abinci a gida, ban iya raba Annegret da kujerarta ba. Ni da surukata mun zama dunƙule ɗaya, mu da ko a raye ba mu taɓa zama kusa haka ba. Na ƙarshe kaɗai ya tsira, don ƙwan fitilarsa ya daɗe da mutuwa. Mutum ɗaya ne a cikinsa, mai gadin jirgi da hula a karkace. Shi ne Eckhard, da kansa ya yi kansa.

Ka san abin da Stoll ya ce da ya zo ya gani? Ya sosa ƙeya ya ce abin wasa ne, in kwantar da hankalina, zai saya mini wani.

Kai ne mai aikin lantarki a danginmu. Ka gaya mini yadda ɗan ƙwan fitila da bai kai ƙwayar shinkafa ba zai ci shekara ashirin a wuni ɗaya. Ina so in sani.

Matar yayanka,
Irmtraud

Santos, 19 ga Janairu, 1993

Matar yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na sami wasiƙarki a ofishin tashar ruwa, ta riga mu isowa. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, zafin nan ma ya ɗan taimaka. Ki nemi zuma da lemon tsami saboda tarin, kada ki ce zai tafi da kansa kamar yadda kika saba.

Na karanta a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Ni na riƙe masa madubin ƙara girma ranar da ya yi kwat ɗin Annegret. Sau huɗu yana goge fentin, wai launin bai yi ba.

Ga amsar tambayarki a sauƙaƙe. A tsohon layi, wuta tana bin gudun jirgi. In yana gudu fitilu su yi haske, in ya rage su dushe, in ya tsaya su mutu su huce. Sabon layin ba haka yake ba. Wuta tana kan ƙarfen a cike kullum, ko jirgi yana tafiya ko yana tsaye, kuma ta fi ta da ƙarfi. Ƙwayayen da Eckhard ya sa na da ne, ba a yi su don wannan ba. Sai su yi ta ci fiye da ƙarfinsu, a cikin ɗan akwatin roba da iska ba ta shiga. Zafi kuwa sama yake tashi, rufi ya fara samu.

Abin da yake nufi da bai gama ba, na san shi. Ana cire tsoffin ƙwayaye a sa masu jure wuta mai ƙarfi. Ana sauke su kaɗan kada su taɓa rufi. Sannan a manna takarda mai ƙyalli a cikin rufin, irin wadda ake naɗe cakulan da ita, don ta mayar da zafin ƙasa ta baza shi. Mai hankali kuma ba ya barin jirgi mai fitila a tsaye a layi mai wuta, ko da an yi duk wannan. Ki ajiye na shidan a akwatinsa. In na dawo a bazara zan gyara miki shi, mai gadi ya sami haskensa.

Game da Stoll, ban san shi sosai ba, amma mutane da yawa ba su san wannan ba tukuna, abin sabo ne. Mai yiwuwa bai fahimci nauyin saƙon ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kada ki bar abin ya ci ki.

Daga nan Durban muka nufa. Ki rubuta can.

Ƙanin mijinki,
Wendelin

Tannweiler, 8 ga Fabrairu

Wendelin,

Ina gaisuwa. Tari ya tafi, ba da zumarka ba. Ƙanƙara ta rufe kabarin har sunan ba ya karantuwa, kullum sai na share da hannun riga kafin in kunna kyandir.

Na gode da bayani, na fahimta sarai. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda aka yi ka zama lauyan Stoll daga wata duniya. Tsautsayi? Tsautsayi shi ne abin da ba a gaya maka ba. Ni da bakina na gaya masa, a ƙofar gidana, da maganar mutumin da ke kan gadon mutuwa. Ku maza duk ɗaya kuke, in ɗayanku ya yi ɓarna sai saura su kawo masa bargo. Kai da ba ka da mata sai teku, me ka sani game da abin da ke cin mutum?

Ya cika alkawari kuwa. Ya aiko da jirgi sabo fil daga kanti, a kwali mai taga, da fasinjoji masu fuska iri ɗaya kamar 'ya'yan kaza. Na ɗauka na kai shagonsa na ɗora a kan tulin taya, a gaban masu saye, na juya na fita.

Matarsa Hiltrud ta tare ni a maƙabarta. Wai mijinta ba ya barci, wai yana ƙaunar Eckhard, wai duk kakar bara suna tare a ɗakin girkinta, kai da kai a kan shuɗin jirgin, Eckhard yana tari tana dafa masa shayi. Na ce mata madalla, shayin ya yi amfani. Na ga ta ji kunya, ni ma na ji, don ita ba ta yi mini komai ba.

Har yanzu ni ke share musu zauren ranar Talata da safe, kamar yadda na saba tun yana da rai. Ba wanda ya ce in daina, makullin yana hannuna. Za su yi nunin bazara a Lahadin da ke bin Ista, shuɗin jirgin Stoll ne zai buɗe taro.

Ina da 'yan tambayoyi, ka amsa mini ba tare da wa'azi ba. Yaya ake bambanta tsohon ƙwai da sabo da ido? Akwai gwangwanin taba cike da su a teburinsa. Yaya ake buɗe rufi ba a karya shi ba? In ƙwai yana taɓa rufi kuma babu takarda, yaushe roba ke fara lotsawa? Ina so in san abin da hannunsa ya sani.

Irmtraud

Durban, 2 ga Maris

Matar yaya,

Ina gaishe ki, na kuma karɓi zagina hannu bibbiyu. Na cancanta. Lafiyata ƙalau, sai dai mai dafa mana abinci ya rantse sai ya kashe mu da wake.

Ba ki san daɗin da ƙarshen wasiƙarki ya yi mini ba. Ashe za ki zauna a kujerarsa. Da Eckhard ya ga wannan rana da ya yi ta yi miki dariya, ke da kike cewa ɗakin ƙasa kishiyar kowace mace ce a garin nan.

Tsoffin ƙwayaye su ne na cikin gwangwanin taba, masu ɗigon jan fenti a gindi, shi ya riƙa yi musu alama. Kada ki yi amfani da su ko kusa. Masu kyau suna cikin 'yar aljihun tebur ta hagu, in akwai saura. Ana murɗa su ne a hankali kamar na ɗaki. Rufi kuma, ki zura farce ko bakin ƙaramin sukundireba a ƙarshen tarago, ba a tsakiya ba, ki ɗaga sannu, zai yi ɗan ƙara ya saki. Tambayarki ta ƙarshe: tsohon ƙwai da ke taɓa rufi, ba takarda, a sabon layi, kafin mutum ya gama kofi biyu da hira ya yi aikinsa. Shi ya sa nake cewa ki bar tazara.

Ana lodi, ana kirana. Za mu daɗe a ruwa kafin Fremantle.

Wendelin

Tannweiler, 30 ga Maris

Wendelin,

Ina fatan waken bai kashe ka ba. Ni lafiya lau, na fi kowane lokaci tun Oktoba da Eckhard ya rasu. Ina cin abinci har da ƙari.

Ka zauna kafin ka karanta. Ba don taragon mai gadi na yi maka tambayoyin nan ba. Yau da safe na je shara da gwangwanin taba a aljihun riga. Jiragen 'yan ƙungiya suna cikin kabad mai gilashi, makullinsa yana ƙarƙashin gwangwanin kofi, kowa ya sani. Na fito da shuɗin jirgin Stoll na jera taragansa a kan tsumma. Na zura farce a ƙarshe kamar yadda ka koya mini. Ya yi ɗan ƙara ya saki.

Da na kifa rufin a tafina sai na ga takarda ruwan zinariya.

Na san ta. Duk kakar bara Eckhard yana dawo mini da cakulan daga kantin tasha, mai gyaɗar turawa a ciki, abin da bai yi ba tun muna saurayi da budurwa. Na ɗauka don ya san zai tafi ne yake lallashina. Yakan ce, ci ki ba ni rigar. Ni nake shimfiɗa takardun a tebur in goge su da bayan cokali har su yi sumul, ina zaton na jirginsa ne. Ga sawun cokalina a jiki. Ga yankan almakashinsa, da ya riƙa karkacewa saboda rawar hannu.

Na buɗe na Stoll duka, na buɗe na wasu mutum biyu. Duk haka. Ashe abin da yake yi a ɗakin girkin Hiltrud ke nan. Ya bi jiragen kowa ya gyara saboda sabon layi, da sauran numfashin da ya rage masa, ya bar nasa a ƙarshe, kamar yadda yake barin nasa a ƙarshe a komai. Lokaci bai kai shi ba.

To ka ga lauyanci ya ƙare. Stoll yana zaune kusa da shi yana kallo, yana miƙa masa gam. Ya san abin da zafi ke yi wa rufi. Ya san dalilin takardar. Nasa jirgin yana sanye da rigar da mijina ya ɗinka masa, ya ɗauki na mijina tsirara ya ɗora a wuta.

Na daɗe a zaune da rufin a hannuna. Ba zan yi maka ƙarya ba, hannuna ya ƙi, don aikinsa na ƙarshe ne. Sai na ce, ai ba don Stoll na goge ta ba. Na ɓare takardun jirginsa ɗaya bayan ɗaya, ban yaga ko guda ba, na sa a cikin littafin waƙoƙin coci na kawo gida. Na cire ƙwayayensa masu kyau na murɗa masu jan ɗigo, na tanƙwara su sama har suka taɓa rufi. Na mayar da komai, na share zaure tsaf, har gilashin kabad na goge. Na sauran mutane na rufe su yadda na same su.

Ba ka san Stoll da jawabi ba. Sai ya tsayar da jirgi a tasha ya yi ta zuba. Kofi biyu ka ce. Shi yakan kai huɗu.

Rama cuta ga macuci ibada ce. Kafin wannan ta same ka an gama.

Irmtraud

A teku, 24 ga Maris. Zan jefa a Fremantle.

Irmtraud,

Ban ma san ko kina lafiya ba, ina dai fata. Ban sami wata wasiƙa daga gare ki ba tun ta Fabrairu, ita nake ta juyawa a nan. A Durban na karanta ta a gurguje, ana kirana. Jiya na sake karantawa a natse, sai na ga abin da ban gani ba. Ba ki tambaye ni yadda ake manna takarda ba. Ba ki tambayi inda ƙwayaye masu kyau suke ba. Kin faɗi makulli, kin faɗi ranar nuni, sannan kin tambayi yaushe roba ke lotsawa. Ni kuma, jaki, na amsa ina murna.

In abin da nake tsoro ne, ki saurare ni. Ba na kare Stoll, na bar wannan. Amma na san zauren nan. Duwatsun kwali ne da gam, ciyawar garin katako ce da aka rina, itatuwan busasshiyar gansakuka ne. Abin hura wuta ne mai faɗin ɗaki, a saman bene, da matakalar katako ɗaya tak, kuma ranar nuni rabin garin yana ciki. Wancan karon sa'a aka yi ya tsaya a narkewa. Ba ki da yadda za ki gaya wa wuta inda za ta tsaya.

Da bakina na ba ki wannan. In wani abu ya faru, mu biyu ne. Ki jira ni zuwa Yuni, in kina so ni zan je shagonsa in faɗa masa abin da ya dace a gaban kowa. Don Allah, matar yaya.

Wendelin

Tannweiler, 21 ga Afrilu

Wendelin,

Ina gaishe ka. Ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya mutu, zaure yana nan. Wasiƙarka ta zo ranar Litinin, nuni kuwa an yi shi Lahadi. Na karanta ta sau biyu a bakin ƙofa. Da ta zo Asabar ban san abin da zan yi ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na sani ba.

Na toya kek ɗin tuffa kamar kullum, na sa baƙar rigata mai kyau. Zaure ya cika har matakala. Stoll ya sa hular shugaban tasha, ya zagaya da shuɗin jirginsa, fitilu suna ƙyalli fiye da kowane lokaci, har wani ya ce bana ya sake musu ƙwai ne. Ya tsayar da shi a gindin dutsen kwali, daidai inda na Eckhard ya tsaya, ya juya masa baya ya fara jawabi. Ya gode wa magajin gari. Ya ba da tarihin ƙungiya tun daga kafuwarta. Har sunan mijina ya ambata, ya ce a yi shiru na ɗan lokaci. A cikin shirun nan warin ya iso gare ni.

Na yi wata huɗu ina jiran ya shaƙi warin nan. Ban yi tunanin ni ma da hancina zan je ba. Na riƙe gefen tebur, ban kawar da ido ba. Rufi na farko ya lotsa. Na biyu ya bi shi. Daɗi na ji, Wendelin, kada ka tambaye ni in ce ban ji ba. Sai na ga wani siririn hayaƙi yana fita ta tagar na biyun, ga wata bishiyar gansakuka ta sunkuyo a kansa, ganyenta ya fara baƙi. Duk suna kallon mai jawabi. Ni ke share bayan kabad, na san inda babban fulogi yake. Na je na fizge shi.

Komai ya mutu lokaci ɗaya, jirage, gidaje, fitilun titi. Stoll ya juyo ya gani. Ya cafki taragon da hannu, ya ƙone yatsu, bai saki ba. Ya ɓalle rufin ya kifa. Ya ga babu komai a ciki sai sawun gam. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ɗago ya neme ni a cikin mutane, ya same ni da waya a hannu.

Na kira shi da sunansa, na ce, "Abin wasa ne, Rüdiger. Ka kwantar da hankalinka, zan saya maka wani."

Na ɗauka zai yi hargagi. Ya matso kusa, murya ƙasa ƙasa yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Mantawa na yi, Irmtraud. Ran nan mantawa na yi, na kasa faɗa miki."

Na ce, "Ni ban manta ba."

Ya juya ya gaya wa jama'a wai laifinsa ne, shi ya sa ƙwayayen da ba su dace ba, a buɗe tagogi a ci gaba da shan kofi. Ban roƙe shi ya rufa mini asiri ba, kuma ban gode masa ba. In yana zaton da wannan ya biya, ya sake lissafi. Nasa biyu ne suka lalace, irinsu suna nan a kanti. Annegret ba ta kanti. Jiya Hiltrud ta zo karɓar makulli, hannun mijinta a naɗe, ta ce. Na ba ta. Ta tsaya kamar tana jiran in ce a gaishe shi. Na ba ta sauran kek ɗin a faranti, na ce ta dawo mini da farantin.

Abin da ka faɗa game da matakalar, tun Litinin yake dawo mini in na rufe ido. Ka bar shi a kaina, ba mu biyu ba ne. Kai amsa kawai ka ba matar yayanka.

Yau na sauka ɗakin ƙasa, karo na farko tun da na ɗauko gwangwanin taba. Na ɗauko taragon mai gadi na kawo teburin girki, inda haske ya fi. Na buɗe littafin waƙoƙi na zaɓi takardar da yankanta ya fi miƙewa, na sake bi ta da bayan cokali. Ta shiga rufin daidai, kamar don shi aka yanka ta tun farko. Na duba aljihun tebur ta hagu, babu ƙwai mai kyau ko ɗaya, duk ya rabar. Waɗanda na cire daga jirgin Stoll suna nan a ƙoƙon shayi, amma wayar taragon ta tsinke a gindi, ni kuwa ban iya liƙi da dalma ba.

Ka zo da kayan aikinka a Yuni. Biyar ɗin suna cikin akwati, ban san ko binne su zan yi ba. Stoll ban yafe masa ba. Tarago yana kan tebur, rufinsa a gefe, na manna takardar. Fitilar ce ba a sa ba tukuna.

Matar yayanka,
Irmtraud